Tiya Biyu Cikin Arba'in

Akwai wani kati a aljihun cikin jakata wanda ba nawa ba ne. Sato shi na yi, ni da nake malamar makaranta mai 'ya'ya biyu, da rana tsaka a Kusada, kuma har yau ban yi nadama ba. Farin kwali ne da bai fi tafin hannu ba, an rubuta tambaya a gabansa da jan biro, amsa a bayansa da shuɗi. Kafin in faɗi yadda ya shigo jakata sai na koma shekarar da nake aji shida na sakandare.

Ni 'yar Fakuwa ce. Babana manomi ne, gero da dawa, sai ɗan wake a tsakani in damina ta yi kyau. Da na gama ƙaramar sakandare sai ya kawo ni Kankiya wurin ƙanwarsa, Gwaggo, wadda take awon hatsi a kasuwa. Ita ce ta riƙe ni shekara uku. Da safe in tafi makaranta, da yamma in zauna gefenta ina riƙe bakin buhu tana zuba tiya tana faɗa da masu saye. Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma ban ga wanda ya isa ya rage mata ƙwaya ɗaya a awo ba.

Malaminmu na fiziks dogo ne siriri, kullum da alli a gemu, yana hawa wani tsohon mashin da sai an tura yake tashi. A aji ba shi da wasa. Abin da ke cikin manhaja shi yake rubutawa, mu kwafa, a buga ƙararrawa ya fita. Amma ranar Laraba bayan an tashi, yana zama ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya ce duk mai son darasin da ba ya fitowa a jarrabawa ya zo. Mu goma sha wani abu muka fara. Da 'yan ajinmu suka tabbatar da gaske ba ya fitowa a jarrabawa, sai muka koma mu uku, ni da wasu maza biyu da nake zargin inuwar ce take kawo su.

Duk abin da na sani game da taurari, da rana na koye shi, ina korar ƙuda. Malam yana zuwa da takardu da ya bugo daga wayarsa in ya shiga Katsina, ya karanta da Turanci ya warware mana da Hausa. Shi ya fara gaya mana cewa taurari ba a warwatse suke ba, garke-garke ne, kowane garke yana juyawa a kan tsakiyarsa. Wata Laraba ya zo da majajjawa irin wadda muke korar tsuntsaye da ita a gona, ya sa dutse yana wulwulawa a saman kansa har mazan nan biyu suka sunkuya. Ya ce in igiya ba ta da ƙarfi, gudun nan ya yi yawa, me zai faru? Muka ce dutse zai tsinke ya tafi. Ya ce to masu auna sama sun auna gudun taurarin da ke gefen garke, sun auna nauyin duk abin da ido da na'ura suke gani a cikinsa, sai suka tarar igiyar ta yi siririya ƙwarai. Bisa lissafi da tuni taurarin sun watse. Ba su watse ba. Ke nan akwai wani abu mai nauyi da yake riƙe da su, ba ya haske, ba ya tare haske, hannu ba ya taɓa shi.

Na ce, "To Malam, mine ne shi?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa ne. Tun da na shiga makarantar boko ban taɓa jin malami ya furta kalmar nan ba. In ka yi tambayar da ta fi ƙarfinsa, ko ya ce ka je ka bincika, ko ya ce kana da surutu. Malam ya ce ba shi kaɗai ba, babu wanda ya sani a duniya, har waɗanda suka ƙera na'urorin. Sun dai raɗa masa suna don su samu abin kira, shi kuma ya ce mu mu kira shi ɓoyayyen abu.

Daga ranar ya sa mini suna Uwar Tambaya, ni kuma na yi ta cika sunan. Ya gaya mana sararin samaniya yana buɗewa, garkunan suna nesa da juna, kuma maimakon buɗewar ta rage gudu sai ƙaruwa take, kamar ka jefa dutse sama ya ƙi dawowa ya ƙara mai. Abin da yake tura shi, shi ma ba a sani ba. Ya ce hatta gudun buɗewar, masana sun kasu biyu, waɗannan sun auna ta hanyarsu, waɗancan ta tasu, awon ya ƙi zuwa daidai, kowa kuma ya rantse tiyarsa ba ta da lamba. A nan ya dube ni ya ce tunda ni 'yar gidan ma'auna ce, buhun gero tiya nawa ne? Na ce arba'in. Ya ce to in aka ɗura duk abin da ke cikin halitta a buhu ɗaya, ƙasa da rana da taurari da ni da ke da mashin ɗinsa, duk abin da aka yi da ƙwayoyin zarra, tiya biyu ne kacal. Sauran talatin da takwas ɗin ana jin nauyinsu, amma ba a taɓa kwance bakin buhun an gani ba.

Ranar ban iya riƙe wa Gwaggo buhu da kyau ba, har ta tambaye ni ko aljanu ne suka shafe ni.

Akwai maganar da ya yi mana wadda na rubuta a bangon littafina na ciki. Ya ce, "Duk malamin da bai taɓa ce maku bai sani ba, ku yi hattara da shi." Na ɗauki maganar nan na kai Fakuwa lokacin kaka, na tarar da Baba yana jera damman gero a rumbu, na zayyana masa majajjawa da buhu da komai. Na yi zaton zai ce boko ya fara taɓa ni. Sai ya sauko daga tsani ya kakkaɓe hannu ya ce, "Su Turawan da bakinsu suka ce ba su sani ba?" Na ce da bakinsu. Ya ce, "To yau na ji magana. Allah ne masani. Shi kau malamin nan naku mutum ne, ki riƙe shi." Da zan koma ya ɗaura mini wake a ƙyalle ya ce in kai masa.

A wannan zaman ne kuma Baba ya gaya mini gaskiya, ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce gonar nan za ta ciyar da mu, amma ba za ta kai ni jami'a ba. Ban yi gardama ba, don na san rumbun ciki da waje. Hanya ɗaya ce ta rage mini. 'Yan asalin Kankiya da Kusada da ke aiki a birane suna da wata ƙungiya da take shirya gasar kacici-kacici tsakanin makarantun ƙananan hukumomin biyu, bana a nan, baɗi a can. Duk ɗalibin da ya zo na ɗaya a kimiyya, su suke ɗaukar nauyin karatunsa na jami'a har ya gama. Mutum ɗaya tak a shekara. Ni kuwa na riga na ƙudurta fiziks zan karanta, in je in ga ko za a kwance bakin buhun nan ina raye.

Gasar tana da tsarinta da kowa ya sani. Tambayoyi a kan kati suke, alƙalin gasa ya ɗaga ya karanta, in ka amsa ya juya bayan katin ya duba. In ka faɗi, tambayar ta koma ga abokin karawarka. In malamin makarantarku yana ganin an zalunce ka, yana da damar miƙewa ya yi ƙorafi, amma kafin a ɗaga kati na gaba. Da zarar an ɗaga, magana ta mutu. Alƙalin kuwa wani dattijo ne, tsohon sufeton makarantu da ya yi ritaya, wanda kusan duk malaman kimiyya na yankinmu sun bi ta hannunsa. Malaminmu ya fi kowa. Shi ya ɗauko shi daga Dudunni yana yaro, ya ajiye shi a zaurensa, ya ciyar da shi har ya zama abin da ya zama. Baba yake ce masa. In zai gaishe shi sai ya cire takalmi tun daga nesa.

Shekarar a Kusada aka yi, cikin zafin bazara, a babban ɗakin taro na wata sakandare. Fanka biyu ne suke juyawa, su ma don kunya. Baba ya zo tun daga Fakuwa da babbar rigarsa ta Juma'a, ya samu benci a can baya ya zauna, alhali ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya ji. Tun hantsi ake fafatawa ana zubar da mutane, har bayan azahar aka rage mu biyu, ni da wani yaro ɗan garin Ƙofa ta Kusada mai sanyin murya. Makinmu ɗaya. Kati na gaba nawa ne, in na ci shi na sha gabansa.

Dattijon ya gyara tabarau ya karanta. Da Turanci ne, amma ma'anarsa ita ce: da me aka yi dukkan abin da ke cikin sararin samaniya?

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san amsar da ke bayan katin. Tana shafin farko na littafin aji huɗu, ko a barci aka tashe ni zan faɗe ta. Amma kalmar dukkan ta tsaya mini a wuya. Na waiwaya layin malamai. Malam yana zaune a kujera ta uku, ya harɗe hannu, da muka haɗa ido sai ya yi murmushi, irin murmushin ƙarƙashin bedi. Na ce a raina ai ga shi nan, in an ƙi zai tashi, takardun ma wataƙila suna aljihunsa. Sai na buɗe baki na ce abin da muke gani da ƙwayoyin zarra aka yi shi, amma shi ɗan kaɗan ne, mafi yawan abin da ke sararin samaniya masana ba su gano ko mene ne ba tukuna.

Dattijon ya leƙo ni ta saman tabarau. Ba mugun mutum ba ne, wannan na shaide shi, don har dama ya ba ni. Ya koma Hausa ya ce, "Yarinya, amsa guda muke so. An sani, ko ba a sani ba?"

Na ce, "Ba a sani ba, ranka ya daɗe."

Aka kwashe da dariya, har da masu buga benci. Ya juya katin ya girgiza kai, ya miƙa tambayar ga ɗan Ƙofa. Yaron ya faɗi kalma ɗaya, sunan ƙwayar zarra da Turanci, aka ba shi maki, 'yan Kusada suka ɓarke da tafi. Ni ban ma damu ba a lokacin, Malam nake kallo, ina jiran ya miƙe. Hannun dattijon yana kan kati na gaba bai ɗaga ba. Ina jin shi ma wani abu ya ɗarsu a ransa, don shi da kansa ya juya ya kira Malam ya ce, "Kai ne malaminta. Akwai ƙorahi? Kai ka koya mata hakanan?"

Malam ya miƙe, ya ɗan rusuna, hannu biyu a baya kamar ɗan firamare. Ya ce, "A'a Baba, babu ƙorahi. Ba ni na koya mata ba. Karance-karancen waya ne na yaran yanzu."

Ni da ko wayar tocila ban mallaka ba. Gwaggo ce mai waya a gidanmu, ita ma a ƙulle take a bakin zane.

Aka ɗaga kati na gaba, wanda na yaron ne, ya ci. Ban tuna yadda na sauko daga dandamalin ba. Na dai tuna wata malama da ta dafa ni tana cewa in daina rawar kai, ga irinta nan. Da ya ce babu ƙorafi ya tsaya a nan, wallahi da na haɗiye. Sai in ce kunya ce ta kama shi. Amma ya tsaya gaban mutanen ƙananan hukumomi biyu, gaban ubana, ya ce bai san zancen ba, ya mayar da ni yarinya mai tsince-tsincen shirme. Wannan cin amana ne, kuma ban taɓa samo masa wani suna ba.

Baba bai ji Turancin ba, amma Hausar ya ji ta sarai. A bakin ƙofar makarantar ya same ni, ya daɗe yana gyara wuyan rigarsa. Ya ce, "Wancan dogon shi ne na wake?" Na ce shi ne. Ya ce, "To." Sai can da muka kusa tasha ya ce, "Ke dai kin hwaɗi abin da aka koya maki. Share hawayenki, mutane na kallo." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, bai kuma sake tambayata lafiyar Malam ba.

Laraba ta zagayo na tafi ƙarƙashin bedi, ba don darasi ba. Mazan nan biyu ba su zo ba. Malam ya zo, babu takarda a hannunsa, ya zauna a kan tushen bishiyar yana wasa da makullin mashin. Na gaishe shi a tsaye, abin da ban taɓa yi ba.

Ya ce, "Uwar Tambaya, kin yi hushi."

Na ce, "Malam, don mi ka ce ba kai ba ne?"

Ya ce, "So kike in tashi gaban jama'a in ce ma mutumin da ya ciyar da ni shekara da shekaru ya yi kure? Da hannunshi ya rubuta katin nan. Da wane ido zan dube shi?"

Na ce, "Ai ba sai ka ce ya yi kure ba. Shi ya tambaye ka. Da ka ce e, kai ka koya mani."

Sai ya ce, "Ke ma da kin ba shi abin da ke cikin littahi. Ai na ce maku wanga darasi ba na jarrabawa ba ne."

Nan ne raina ya gama ɓaci. Wato laifin ma nawa ne, da na ɗauki maganarsa da gaske. Na buɗe bangon littafina na nuna masa abin da na rubuta, maganarsa ta a yi hattara. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce wata rana zan gane. Na tsani kalmar nan har yau, kuma ba na faɗa wa ɗalibaina ita. Na juya na tafi, darasin Laraba kuma daga ranar ya mutu.

Shekara biyu na yi ina awo tare da Gwaggo, har na iya tsayar da tozon tiya da yatsa ɗaya. Daga baya Baba ya sayar da bijimin nomansa, na shiga kwalejin horon malamai, na fito ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Ɗan Ƙofa ya tafi jami'a ya karanta haɗa magunguna, yana da shago yanzu, in mun haɗu mukan gaisa da mutunci. Ba ni da komai da shi, abin da aka tambaye shi ya amsa. Da na samu waya ta kaina, abin da na fara nema shi ne ko an gano ɓoyayyen abun nan. Ba a gano ba. Masana sun haƙa rami a ƙarƙashin duwatsu sun ajiye manyan tankuna suna jiran ƙwaya ɗaya tasa ta gifta, shiru. Sun harba sabon madubin hangen nesa sama, masu awon nan biyu kuma har yanzu tiyarsu ba ta zo ɗaya ba. Nakan karanta in ji daɗi in ji haushi a lokaci guda, don duk labarin da ya fito yana ƙara tabbatar da cewa yarinyar nan ta kan dandamali ba ta yi kure ba, kuma babu wanda zai dawo mata da ranar.

Ni ma ina da tawa Larabar. Babu bedi a makarantarmu, a barandar ofis muke zama. Majajjawa da buhu da tiya duk na gada, ban canza komai ba, sai dai ban taɓa gaya wa yaran daga wurin wa na samo ba.

Bara aka aiko mini da takarda cewa ƙungiyar nan tana so in zauna cikin masu taya alƙalanci, tunda makarantarmu ƙarama ce ba ta cikin gasar. A Kusada kuma, a ɗakin nan dai, an ƙara fanka. Dattijon ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Wanda ya gaji kujerarsa shi ne Malam, gemun ya yi fari ba da alli ba. Da safe aka ba ni katunan kimiyya in jera su a ofishin shugaban makaranta. Tsofaffin sun tsufa an sake kwafe su, kuma rubutun ban buƙaci a gaya mini na wane ne ba, shekara uku ina kwafarsa daga allo. Ina cikin jerawa sai ga tambayar nan tawa. Kalma ɗaya ba a canza ba, har da dukkan ɗin. Na juya bayan katin a hankali, ina cewa a raina yanzu ai babu wanda Malam yake jin kunyarsa. Amsar nan ce dai, da shuɗin biro, da hannunsa.

Wannan ya fi na farko yi mini ciwo. Shekara goma sha biyu ina ba shi uzurin da bai roƙa ba, ina cewa darajar dattijo ce ta ɗaure shi. Ga dattijo a ƙasa, ga biro a hannunsa, shi kaɗai a ɗaki, ya zauna ya sake rubuta ta.

Ina riƙe da katin ya shigo. Na durƙusa na gaishe shi, jikina ne ya yi da kansa. Ya washe baki ya ce, "Uwar Tambaya! An gano shi kuwa?"

Na ce, "Ba a gano ba, Malam."

Ya ce, "Ikon Allah. Har yanzu?"

Na ɗaga katin na ce, "Malam, wagga hwa?"

Ya duba, ya kau da kai wajen taga. Ya ce manhaja ba ta canza ba, kuma katunan Baba ne, wato marigayi dattijon, shi kwafa kawai ya yi. Aka kira shi a waje ya fita da sauri kamar an cece shi.

Na leƙa jerin sunayen masu gasa. A ciki akwai wata yarinya da na koyar a ƙaramar sakandare, 'yar wani makiyayi da uwarta take kawo nono kasuwar Kankiya. Kaifin kanta ya fi nawa, bakinta ma haka, kuma da hannuna na ba ta tiya biyun nan a baranda. In katin ya faɗo a kanta na san abin da za ta ce. Na kuma san wanda za ta waiwaya ta kalla. Sai na tambayi kaina tsakani da Allah, in ya juya katin ya girgiza kai, zan iya miƙewa gaban jama'a in ce Malam ya yi kure? Ina so in ce zan iya. Amma yanzun nan gwiwoyina suka kai ƙasa don gaishe shi ba tare da sun yi shawara da ni ba, kuma ban yarda da su ba. Ban yafe masa ba don na gane haka. Haushi ma na ƙara ji, da na ga abin da ya sa a jikina tare da majajjawa da buhu.

Na buɗe jaka na jefa katin a aljihun ciki na ja zif.

An yi gasa lafiya. Yarinyar ta kai zagayen ƙarshe, ta zo ta biyu, a kan wata tambayar lantarki da ta kasa amsawa, babu wanda ya zalunce ta. Wajen ƙarshe Malam ya kai hannu inda katin ya kamata ya kasance, don shi ya san jerinsu. Ya ɗaga na wurin ya duba, ya duba na ƙasansa, sannan ya juyo ya dubi jakar da ke kan cinyata. Na dube shi ido cikin ido ban sunkuyar da kai ba, karo na farko a rayuwata. Ya gyara murya ya karanta wanda ke hannunsa.

Bayan an watse na same shi a bakin ƙofa, daidai inda Baba ya tsaya yana gyara wuyan riga. Yana kan mashin, sabo ne yanzu, ba ya buƙatar turi. Ya yafito ni na matsa. Ya rage murya ya ce, "Kin hutasshe ni."

Na tsaya. Na ɗauka sauran maganar tana tafe, wadda na yi shekara goma sha biyu ina jira, ko da kalma biyu ce, ko da ba zai dube ni ba. Babu kowa kusa, babu dattijo, babu jama'a. Ya murɗa makulli mashin ya tashi. Ya ce in gaida Gwaggo.

Na durƙusa na ce za ta ji.